An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Tsoron Waken Suya da Inda Haɗarin Yake

A shekarun 1940 makiyayan yammacin Ostareliya suka lura tumakinsu sun daina haihuwa. Ba annoba, ba fari, ga makiyaya kore shar, amma tunkiya sai ta shekara ba ta ɗauki ciki ba, wadda ta ɗauka kuma haihuwar ta zo mata da gardama. Da masana suka bi diddigi sai laifin ya faɗa kan wata ciyawa da aka shigo da ita aka shuka don kiwo. A jikinta akwai wani sinadari da ƙirarsa ta yi kama da istirojin, sinadarin da ke tafiyar da al'ada da ɗaukar ciki a jikin mace. Sunan danginsa aisofilabon. Bayan shekara arba'in da wani abu, a 1987, aka sake ganin irin haka a gidan namun daji na Sinsinati a Amurka, inda wani jinsin damisa mai tsananin gudu da ake kira cita ya yi ta fama da ciwon hanta da rashin haihuwa, aka kuma ɗora laifin kan waken suya da ke cikin abincin da ake ba su.

A cikin duk abin da ɗan Adam ke ci, babu inda aisofilabon ya taru kamar waken suya. Saboda haka duk wanda ya ce maka waken nan yana mayar da namiji mace, ko yana hana haihuwa, ko yana kawo sankarar mama, ba daga iska ya ɗauko maganar ba. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da nake ja da shi kawai shi ne, mutum ba tunkiya ba ne. Tunkiya ciyawar take kiwo tun safe har yamma, wata da watanni, ba ta haɗa ta da komai. Dangin kyanwa irin su cita kuma hantarsu ba ta iya sarrafa irin wannan sinadari ta fitar da shi yadda tamu ke yi. Ni a ganina mun shafe shekaru muna jin tsoron ɓangaren da hujja ta fi wanke shi, mun bar ɓangaren da ya riga ya kwantar da mutane a asibiti.

Bari mu fara da maza, tunda su suka fi ɗaga murya. Aisofilabon yana kama da istirojin, amma kama da wane ba ta wane. Ƙarfinsa bai kai ko kusa da na wanda jiki ke samarwa ba, kuma cikin ƙofofi biyu da istirojin ke shiga ƙwayoyin jiki ta cikinsu, ya fi son ta biyun, wadda sau da yawa aikinta rage zafin ta farkon ne. A 2010 aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan maza masu cin waken suya, ba a ga ya rage musu testostiron, wato sinadarin mazantaka, ba. A 2021 aka sake tattarawa, a wannan karon bincike 41, amsar ba ta canza ba: sinadarin mazantaka bai ragu ba, na mata bai ƙaru ba. To ina labarin mutumin da ƙirjinsa ya kumbura kamar na mace? Da gaske ne, likitoci sun rubuta shi a 2008. Dattijo ne ɗan shekara 60, kuma madarar waken suya kusan lita 3 yake sha a kowace rana. Da ya daina, sinadaran jikinsa suka koma daidai. Masu yaɗa labarin sukan manta da lita ukun nan. Wanda ya sha man shanu lita uku kullum ma zai ga likita, ba kuma za a ce saniya ce ta cuce shi ba.

Maganar sankarar mama ta fi wannan nauyi, don akwai lokacin da likitoci da kansu suke hana matan da suka yi fama da ita kusantar waken suya. Dalilinsu gwajin ɓeraye ne na ƙarshen shekarun 1990 a Jami'ar Ilinoi: an dasa wa ɓerayen ƙwayoyin sankarar ɗan Adam, an ba su jinistin, wanda shi ne babba a dangin aisofilabon, sai ƙarin ya girma. Amma ɓerayen an cire musu ma'ajiyar ƙwai, ba su da cikakkiyar garkuwar jiki, kuma ɓera yana tara sinadarin a jininsa fiye da mutum nesa ba kusa ba. Da aka koma kan mata na gaske sai labari ya sha bamban. A Shanghai an bi mata 5,042 da suka kamu da sankarar mama, aka wallafa sakamakon a 2009: waɗanda suka fi cin abincin waken suya su ne suka fi ƙarancin mutuwa da dawowar cutar. Ba zan ce wannan ya tabbatar da cewa waken magani ne ba, domin bincike ne na sa ido, kuma mai cin awara da ganye takan bambanta da wadda ba ta ci ta fuskoki da yawa. Amma in da guba ne, a nan ya kamata ya nuna kansa, bai kuwa nuna ba. Yau ƙungiyar yaƙi da sankara ta Amurka tana cewa cin abincin waken suya babu laifi ga waɗanda suka tsira daga cutar.

Kada kuma a ɗauka ina cikin 'yan kirarin waken. Su ma sun yi nasu zuzutawar. A 1995 wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 38 ya ce furotin ɗin waken suya yana rage mugun kolestirol, wato kitsen jini mai toshe jijiyoyi, da kusan kashi 13 cikin 100. A kan irin wannan hujja hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba kamfanoni izini a 1999 su rubuta a jikin kwali cewa cin giram 25 na furotin ɗin a rana yana iya rage haɗarin ciwon zuciya. Kasuwa ta buɗe. Aka shiga cusa garin furotin a biskit, a abin sha, a abincin karin kumallo, duk don a samu damar manna wannan rubutu. A 2006 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta sake duba lamarin, ta ce ragin bai wuce kashi 3 ba. A 2017 FDA da kanta ta gabatar da shawarar janye izinin. Kashi 3 ba banza ba ne, amma ba shi ne aka sayar wa mutane ba. Amfanin da ya fi girma, a fahimtata, yana cikin abin da waken ya maye gurbinsa. Wanda ya ci awara a madadin sarrafaffen nama, wanda hukumar binciken sankara ta duniya ta sa a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara tun 2015, ya yi ciniki mai riba. Wanda kuma ya ƙara biskit mai sukari a kan abincinsa don an rubuta masa "furotin" a jiki, aljihunsa kawai ya rage.

A nan gizo ke saƙar. Kalmar "abincin waken suya" tana rufe abubuwan da ba su haɗa komai ba sai kakansu. Dubban shekaru ke nan da aka fara noma waken a ƙasar Sin, kuma mutanen gabashin Asiya ba su taɓa cin sa da garaje ba. Jiƙa shi suke yi, su niƙa, su tace, su tafasa, su daskarar ya zama awara. Ko su tsima shi, kamar tempe na tsibirin Jaba a Indonesiya, da miso da natto na Japan. Wannan wahala ba ta ado ba ce. Ɗanyen waken yana ɗauke da sinadaran da ke hana hanji narkar da furotin, da wasu masu tayar da ciki, kuma wuta ce ke karya su. Tun 1917 masana biyu a Amurka, Osbon da Mendel, suka nuna cewa ɓeran da ake ciyarwa da ɗanyen waken suya ba ya girma sai an dafa masa. Madarar waken tana da wata yaudara ma: tun zafinta bai wuce digiri 80 ba take yin kumfa ta taso kamar ta tafasa. Wanda ya sauke a lokacin ya sauke ɗanya. A watan Maris na 2003, a garin Haiceng na arewa maso gabashin Sin, 'yan makaranta fiye da 2,000 suka kwanta bayan sun sha madarar da aka raba musu, bincike kuma ya nuna ba a dafa ta yadda ya kamata ba. Ban taɓa ganin wannan labari a cikin saƙonnin tsoratarwa da ake turawa ba, alhali shi ne wanda zai amfani mai dafa madarar a gida: in kumfar ta taso a rage wuta, a bar ta ta ci gaba da tafasa na wasu mintuna.

Na zamanin kuwa wata hanya yake bi. Duniya tana noma fiye da tan miliyan 350 a shekara, Barazil a gaba, sai Amurka, sai Ajantina. Kusan kashi uku cikin huɗu dabbobi ke cinyewa, abin da mutum ke ci kai tsaye a matsayin awara da madara da makamantansu bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. (Wanda ya rantse waken suya ba ya shiga bakinsa, kazar da ya ci jiya da shi aka yi kiwonta, cakulan da ke hannun ɗansa ma akwai lesitin, wani maiƙo da ake cirowa daga waken, a ciki.) A masana'anta ana farfasa waken, a wanke mansa da wani sinadarin fetur mai suna heksen, sannan a ɗauki tunkuzar a tace ta har a fitar da gari mai furotin kashi 90 cikin 100. Da wannan gari ake ƙera naman da ba nama ba, da garin masu ɗaga ƙarfe, da abubuwan cike gurbi a tsiran gwangwani. Heksen ɗin da kansa ba ya ba ni tsoro sosai, domin zafi yana kore shi, abin da ke saura ɗan mitsitsi ne. Abin da ke damuna shi ne abokan tafiyar garin: gishiri, sukari, kitse, kayan ƙamshi da launi, waɗanda sai da su zai ciwu.

Duba tarihin ɓarnar da aka tabbatar, za ka ga kusan kullum hannun mutum ne a ciki. Shekaru da dama ana daskarar da man waken suya ta hanyar cusa masa iskar haidirojin don ya zama kamar bota, ana tallata shi da cewa ya fi kitsen dabba lafiya. Wannan aiki shi ke haifar da kitsen tirans, wanda daga baya aka tabbatar yana toshe jijiyoyin zuciya fiye da kitsen da aka guda. Denmak ta taƙaita shi a 2003, Amurka ta yanke hukuncin cire shi daga abinci a 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiran a kawar da shi gaba ɗaya a 2018. Wannan ita ce babbar cutar da wani abu da aka samo daga waken suya ya taɓa yi wa jama'a, kuma babu ruwan aisofilabon a ciki. Haka baƙin ruwan ɗanɗanon nan da ake kira soya sos. Na asali watanni yake yi yana tsimuwa. Na gaggawa kuwa da asid ake narka furotin ɗin cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma wannan gajeriyar hanya tana iya haifar da wani sinadari mai suna 3-MCPD da ya jawo ƙari a gwajin dabbobi. A 2001 hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta auna samfuri 100, ta samu 22 sun wuce ƙa'ida. Ko mai kyan ma, babban cokali ɗaya yana ɗauke da sodiyam, sinadarin gishiri, kusan miligiram 900, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai 2,000 a yini. Mai hawan jini da ke tsoron awara yana kwarara wannan a shinkafa, ai ya gudu bai tsira ba.

A Indonesiya, a ƙarshen 2005, hukumomi suka gano masu yin awara suna zuba mata fomalin, sinadarin adana gawa, don kada ta lalace da wuri. A Taiwan, a 2014, rinin masana'anta aka samu a busasshiyar awara. A Ostareliya, a Disambar 2009, aka janye madarar Bonsoy daga kasuwa saboda ciyawar teku da aka haɗa a ciki ta cika ta da aidin har mutane suka samu matsalar tayirod, ƙaluluwar maƙogwaro, shari'ar da aka shigar kuma ta ƙare da biyan diyyar dalar Ostareliya miliyan 25. Wake bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Batun irin da aka sauya wa ƙwayar halitta ba zan daɗe a kai ba. Tun 1996 ake shuka shi, yanzu ya haura kashi 90 na abin da Amurka ke nomawa, kuma babban nazarin da cibiyoyin kimiyya na ƙasar suka fitar a 2016 bai samu shaidar cewa cin sa ya fi cin na gargajiya haɗari ba. Gardamar da ke da tushe ita ce ta maganin kashe ciyawa, gilaifoset, da ake fesa masa. Hukumar binciken sankara ta duniya ta ce a 2015 mai yiwuwa yana jawo sankara, hukumomin Amurka da na Turai suka ce a'a a gwargwadon da mutane ke haɗuwa da shi, Tarayyar Turai ta sabunta masa izini na shekara 10 a 2023. In akwai wanda ya kamata a fi yi wa fargaba, mai goya tankin feshi ne a gona.

Inda nake taka-tsantsan da gaske shi ne jarirai. Babba yana cin waken suya ne a cikin abubuwa ashirin, jaririn da aka ɗora a kan madarar gwangwani ta waken suya kuwa ita ce abincinsa kaf, dare da rana, wata huɗu zuwa shida. A nan ne kawai ɗan Adam ya ɗan yi kama da tunkiyar Ostareliya. Wani bincike na 1997 ya samu aisofilabon a jinin irin waɗannan jarirai ya ninka istirojin ɗin jikinsu sau 13,000 zuwa 22,000. Adadin yana razanarwa, ko da yake yawa daban, ƙarfi daban. A 2001 aka bibiyi manya 811 da aka shayar da madarar waken ko ta shanu suna jarirai, ba a ga bambanci a balaga ko haihuwa ba, sai dai matan da suka sha ta waken al'adarsu ta ɗan fi tsawo da ciwo. Wannan yana kwantar da hankali, amma bai rufe magana ba. Shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a 2008 dalilan ba jariri ita kaɗan ne, kamar cutar gado da ke hana shi sarrafa sukarin madara, kuma ba a ba bakwaini. Ba ta zama mafita kai tsaye ga mai borin jini da madarar shanu ba ma, tunda kashi 10 zuwa 14 na irinsu ita ma jikinsu ba ya karɓarta. A Birtaniya shawarar ita ce kada a ba wanda bai kai wata shida ba sai da umarnin likita. Madarar waken da manya ke sha kuwa, ta kwali ko ta gida, ba abincin jariri ba ce ko kaɗan. A 2003 jarirai sun mutu a Isra'ila, wasu suka samu lahanin ƙwaƙwalwa, saboda wata madarar gwangwani ta waken suya da ta fito babu bitamin B1 a cikinta. In rashin sinadari guda a abin da masana suka haɗa ya yi wannan ɓarna, ina ga ruwan waken da aka tace kawai?

Sai masu matsalar tayirod, ƙaluluwar nan ta maƙogwaro. A shekarun 1950 an ga maƙoƙo a jariran da ake ba madarar waken suya, matsalar ta kau da aka fara saka aidin a ciki. Ga mai lafiya da ke samun isasshen aidin, gwaje-gwaje ba su nuna wata illa ta a-zo-a-gani ba. Amma mai shan ƙwayar lebotairoksin, maganin ciwon tayirod, waken yana rage yadda hanji ke tsotse ta, don haka ake cewa a bar tazarar kamar awa huɗu tsakaninsu. Mai shan wafarin don tsinka jini shi ma natto ba nasa ba ne, saboda yawan bitamin K. Akwai kuma masu borin jini da waken kansa, wanda shi ya sa dokokin Amurka da na Turai suka wajabta a bayyana shi a jikin kwali.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda hukumomi biyu na ƙasashe masu ilimi suka yi hannun riga. Dattijon Japan mai cin abincin gargajiya yana samun aisofilabon kamar miligiram 25 zuwa 50 a rana, kofin madarar waken guda kuma yana da kimanin 20 zuwa 30. A 2006 hukumar lafiyar abinci ta Japan ta sa iyaka a miligiram 70 zuwa 75 a yini, ta ce wanda ake ƙarawa ta hanyar ƙwaya kada ya wuce 30. A Maris na 2025 hukumar lafiyar abinci ta Faransa, ANSES, ta fito da nata ma'auni: miligiram 0.02 a kan kowane kilo na nauyin mutum, rabin haka ga masu ciki da yara, har ta ba da shawarar a daina ba da abincin waken suya a ɗakunan cin abinci na makarantu da asibitoci da ma'aikatu. Yi lissafi: mai kilo 70 an ba shi miligiram 1.4 ke nan, wato Japan ta ninka Faransa sau hamsin. In ma'aunin Faransa ne gaskiya, to al'ummomi guda sun shafe ƙarnoni suna wuce ƙa'ida kullum, cikinsu har da wadda ke sahun gaba a tsawon rai a duniya. Faransawan sun dogara ne a kan gwajin dabbobi, suka rage adadin ninki-ba-ninki don kaffa-kaffa. Ni na fi karkata ga abin da aka gani a jikin miliyoyin mutane.

Duk da haka akwai wata magana ta Faransawan da na riƙe. Sun ce yawan aisofilabon yana bambanta ƙwarai daga wannan kaya zuwa wancan, har tsakanin kamfanoni biyu masu yin abu iri ɗaya, kuma jiƙawa da wankewa irin na da suna rage shi, saboda haka masana'antu su gyara hanyarsu. Wannan buƙata ce mai ma'ana, kuma ta fi haramtawa amfani. Ƙwayar aisofilabon da ake sayar wa matan da al'adarsu ta yanke tana iya ɗaukar miligiram 100 ko fiye a guda ɗaya, ba tare da furotin ko dusar da ke rage gudun shigarsa jini ba. Hukumar abinci ta Turai ta duba su a 2015 ba ta ga illa ga mama ko mahaifa ko tayirod ba a matan da suka daina al'ada, amma ta ce binciken bai shafi masu tarihin sankara ba, su kuwa suna cikin waɗanda tallar ke isa gare su.

Kwalin madarar waken suya yana gaya maka sukari giram nawa ne, kitse nawa, gishiri nawa. Sinadarin da ake ta cacar baki a kansa shekara talatin kuwa, ba kasafai za ka ga adadinsa a jiki ba. Mai ciki da ke son ta taƙaita ba ta da abin aunawa. Uwar da ke ba ɗanta mai shekara uku kofi biyu a rana ba ta san ko miligiram goma yake sha ko sittin ba. Mai ciwon tayirod kuma yana kora ƙwayarsa da madarar da safe, wata uku bayan nan likita ya ƙara masa magani, babu wanda ya tambaye shi da me yake karyawa.